Ranar da Tamba Mai Shela Ya Ce a Danna

Duk wanda ya kwana uku a Argungu ya san muryar Tamba, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Murya ce mai kauri wadda ta ɗan dushe, irin wadda ke shiga zaure ta ratsa tsakar gida ta iske mace tana tuƙin tuwo. Sunansa na yanka Muhammadu Tambari, amma rabon da a kira shi haka tun ranar ɗaurin aurensa. Tamba mai shela, iyakarta ke nan.

Gadon aikin ya yi. Mahaifinsa da ƙafa ya yi tasa shelar, hannu a kunne, unguwa bayan unguwa. Tamba ya fara da keke, daga baya Allah ya hore masa babur da lasifika mai batir, wadda yake ɗaurewa a baya da robar taya. Ɗaurin aure, rasuwa da lokacin jana'iza, akuyar da ta ɓata, allurar rigakafi, ranar da za a sako ruwa daga madatsa don kowa ya janye injinsa daga bakin gulbi, duk ta bakinsa garin ke ji. Ba mai kuɗi ba ne. Ɗaki biyu gare shi a unguwar Gwazange, da matarsa Laure mai ƙuli-ƙuli, da 'yar gonar shinkafa a fadama wadda mutum zai zagaye kafin shayinsa ya huce.

Abin da ya mallaka na gaske shi ne bakinsa. Yana da wata doka da ya ɗora wa kansa, wadda ta sha sa mutane su ce taurin kai ne da shi: ba ya shelar abin da bai gani da idonsa ba. In ka ce masa wane ya rasu, sai ya je gidan ya yi gaisuwa tukuna. Wani mai maganin basir ya taɓa zuwa daga nesa, ya nemi a yi masa talla. Tamba ya ce a ba shi kwalba ɗaya ya sha na kwana uku. Kwana ukun nan tsakanin ɗaki da bayan gida ya yi su, ran na huɗu ya mayar wa mutumin kwalbarsa ya ce ya nemi wani mai shelar. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. In gardama ta yi zafi a majalisa, da zarar wani ya ce "Tamba ya faɗa," sai a koma wani zancen.

Bara ne ɓarayin waya suka shigo wa garin. Saƙo zai faɗo wa mutum, a ce masa ya ci kyauta ko za a rufe masa layi, ya danna nan. Yana dannawa sai a yashe shi. Masu unguwanni suka kira Tamba. Kamar yadda ya saba, sai da ya bi gidajen mutum huɗu da abin ya faɗa wa, ya ga hawayensu, sannan ya hau babur. Kwana arba'in yana abu ɗaya safe da yamma: kowane irin saƙo ya fito maka a waya ya ce ka danna, kada ka danna. Shelar ta shiga mutane har ta yi yawa. Akwai tsohon da ɗansa ya turo masa hoton jika daga Legas, ya ƙi buɗewa har yaron ya fara rarrafe.

To, ana nan sai ga Zulkifli, sakataren ƙungiyar manoman rani, ya yi sallama a ƙofar gidan Tamba ranar wata Asabar da hantsi. Ƙungiyar tana da wata manhaja da aka sa wa kowane manomi a waya wata biyar da suka wuce, wadda ke riƙe da sunansa da gonarsa. Ba wanda ya damu da sunanta na gaskiya. Hoton kan shinkafa ne a jikinta, don haka kowa Zangarniya yake ce mata.

"Baba Tamba, shela muka so a yi muna," in ji Zulkifli bayan sun gaisa. "Ran Alhamis motar iri za ta zaka daga Birnin Kebbi, irin nan mai kwana casa'in. Amma sai wanda ya sabunta Zangarniya kahin ranan za a ɗauko ma buhu. Yana sabuntawa sunanai zai hau jerin masu iri da kainai. Ka hwaɗa ma mutane, in saƙo ya hito musu ya ce su sabunta, su danna."

Tamba ya karkato kunne. "Su mi?"

"Su danna, Baba."

"Da wane baki za a hwaɗi hakanan? Wanga nawa?"

Zulkifli ya yi dariya, ya ce ai wannan daban ne. Tamba ya ce to ya ji, amma me ya lalace a jikin tsohuwar? Zulkifli ya ce ba abin da ya lalace. To me ya sa za a canza ta? Ta tsufa. Tamba ya dubi baburinsa da ke jingine da bango, shekararsa goma sha ɗaya yana tashi bugu ɗaya, sannan ya dubi yaron nan da ke gaya masa abin wata biyar ya tsufa. Ya tambayi yadda mutum zai bambanta saƙon ƙungiya da na ɓarayi.

"Mai sauƙi na, Baba. Namu daga cikin manhaja yaka hitowa, nasu daga waje."

Tamba ya ce to. Bai gane ba, amma Zulkifli ya riga ya miƙe yana duba agogo, zai kama motar Birnin Kebbi, kuma ba zai dawo ba sai tare da motar iri. Dattijo ba ya son ya tambayi sa'an ɗansa abu ɗaya sau uku.

Ya so ya bi dokarsa. Ya ɗauko wayarsa ya ajiye a kan tabarma, yana jiran saƙon ya fito masa ya gan shi da idonsa. Ya buɗe Zangarniya, ya rufe, ya sake buɗewa. Ba saƙo. Azahar ta yi, la'asar ta yi, Laure ta wuce shi sau nawa da faranti tana kallonsa ta gefen ido. Wayar nan ko uffan. Kuma lokaci ba ya jira, mutum ɗari da wani abu ke sa ran irin nan, wasu sun riga sun gyara wurin zuba shi. Ran Lahadi da safe Tamba ya hau babur ya yi shelar abin da bai gani ba, karo na farko a rayuwarsa. Muryar tana fita yadda ta saba.

A bakin kasuwa, wajen mai shayi, Kalilu ya tare shi. Kalilu taubashinsa ne, manomin albasa da shinkafa, tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya ci fuskar ɗaya ba.

"Kai Tamba, sauko nan! Bara ka ce muna wuta ta, kowa shi janye hannu. Bana ka ce mu sa hannu. Ko ɓarayin sun ɗauke ka aiki?"

Aka kwashe da dariya. Tamba ya ce wannan daga ciki yake fitowa, wancan daga waje. Wani ya ce cikin me? Tamba ya ce cikin manhaja. Wani ya miƙo masa waya ya ce ya nuna masa cikin da wajen. Ga saƙon nan kuwa a fuskar wayar, farin akwati da rubutu, da wuri kore na dannawa. Tamba ya ƙura masa ido. Wallahi da shi da wanda ya gani a wayoyin mutanen da aka yashe bara, bai ga abin da ya raba su ba. Ya mayar da wayar ya ce shi dai abin da aka aiko shi ke nan. Ya ji kalmomin a bakinsa kamar na wani mutum, don bai taɓa fakewa da wanda ya aiko shi ba.

Kafin yamma ya gane cewa ba mai dannawa. 'Yan kaɗan da suka yi ƙarfin hali, datarsu ta ƙare abin yana rabi, suka zo suna yi masa mita kamar shi ya sha ta. Ya dawo gida ya zauna yana juya al'amarin. A nan ne wata dabara ta faɗo masa, kuma duk wanda ya ji yadda ya lissafa ta ba zai ce Tamba wawa ne ba.

Wayarsa sabuwa ce. Tsohuwar ta faɗa gulbi, mako uku da suka wuce ya je Birnin Kebbi ya sayo wannan. Ke nan Zangarniyar da ke ciki mako uku gare ta, ta sauran mutane wata biyar. Ta kowa tana kukan a sabunta ta, tasa ba ta taɓa cewa komai ba. To wace shaida ake nema bayan wannan? Tasa ce sabuwar. Kuma a garin nan ba wanda bai san yadda ake tura abu daga waya zuwa waya ba tare da data ba. Haka ake raba wa'azi da waƙa da hotunan biki, a kara waya kusa da waya, abu ya tsallaka. Sai ya goge wa kowa tsohuwar, ya zuba masa tasa. Ba wanda zai danna baƙon saƙo, ba wanda zai ƙona data, shelar bara tana nan daram, ta bana ma ta cika. Ya ji wani sanyi a ransa har ya nemi Laure ta ƙaro tuwo.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, shi ba ya buɗe data. Ya ce rediyo ta ishe shi. Bai kuma tsaya ya tuna daga ina tasa Zangarniyar ta fito ba.

Litinin da Talata ya yi su a gindin bishiyar dogon yaron da ke gaban makarantar firamare, bisa benci, wayoyi a cinyarsa. Mutane suka yi ta zuwa, don abin da ya fito daga hannun Tamba ba a tambayar asalinsa. Ya goge, ya tura, kan shinkafa ya bayyana fes, mai waya ya yi godiya ya tafi. Har Kalilu ya kawo tasa, yana cewa ashe tsufa bai gama cinye kan taubashinsa ba. Tamba bai rubuta sunan kowa ba, mai shela a ka yake riƙe sunaye. Mutum sittin da uku suka bi ta hannunsa. Rabon da ya ji daɗin aikinsa haka ya daɗe.

Ran Laraba da sassafe, yana wanke babur, sai ga Kalilu ba ko sallamar kirki. Ya ce ya buɗe data don ya saurari saƙon muryar 'yarsa da ke aure a Gesse, sai ga akwatin nan ya sake fitowa.

"Wane akwati?"

"Na sabuntawa mana. Ga shi, duba."

Tamba ya duba. Ya ce wataƙila wayar Kalilu ce ta saba da tsohuwar, ko kuwa ba ta gogu duka ba. Kalilu ya ce ya kawo tasa su gani. Ya karɓa, ya ja yatsa daga sama, ya taɓa wurin buɗe data, wanda Tamba bai taɓa taɓawa ba. Wayar ta yi ƙara sau biyu. Suka buɗe Zangarniya. Farin akwati ya fito, da wurinsa kore, a wayar Tamba, sabuwar waya mai mako uku.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya kira Zulkifli sau huɗu, waya a kashe. Bai ko canza riga ba ya nufi tasha, sai Birnin Kebbi inda ya sayo wayar.

A mota ya riƙe wayar da hannu biyu, yana ta karanta saƙon da ɗan bokon da ya iya. Akwai sabuwa, sabunta yanzu. Ko dai abin kwana biyu yake yi ya tsufa? Ko tun asali duk wadda aka sa tsohuwa ce, sabuwar tana wani wuri da ba mai kai wa gare ta? In haka ne, wa ya taɓa ganin sabuwar? Ya so ya tambayi wanda ke kusa da shi, ya ga mutumin barci yake yi da kaza a cinya. Fadama tana wucewa ta taga, mutane sun duƙa suna ɗaure kunyoyi, duk masu jiran iri ne.

Shagon da ya sayi wayar yana unguwar Nasarawa, na wata mata ne mai suna Basirat. Iyayenta daga ƙasar Yarbawa suka zo, amma ita a nan aka yanke mata cibiya, in tana magana ta bayan labule ba ka raba ta da Bakaba 'yar asalin ƙasar. Ta ba shi kujera da ruwa, ta saurare shi har ya gama. Manoma sun yi ta zuwa mata da wannan manhaja duk makon, ta san ta ciki da bai. Ta buɗe wani shafi a can ƙasa, ta nuna masa wasu 'yan lambobi ƙanana kamar ƙwayar gero.

"Baba, ka ga nan? Biyu da ɗigo ɗaya. Sabuwar biyu da ɗigo shidda ta. Wa ya sa maka wagga?"

Tamba ya ƙura wa lambobin ido. Sai yanzu ya tuna. Ranar da ya dawo da wayar, Kalilu ne ya tura masa daga tasa, a wajen mai shayi. Ya gaya mata.

"Kuma shi ma ka goge mashi ka tura mashi?"

"Shekaranjiya."

Basirat ta sa gefen gyalenta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Da ta ga fuskarsa sai ta daina. "Yi haƙuri, Baba. Abinai ka mayar mashi. Kamar tsohon iri na, ka juye shi cikin sabon buhu."

Wannan ya gane. Amma sauran bai gane ba, kuma ya faɗa mata. Me ya sa tsohuwar ba ta nuna tsufanta a fuska? Me ya sa za a ɓoye abin da ya fi kome muhimmanci a ƙasan shafin da ba mai zuwa? Kuma in gobe wani saƙon ya fito, ta ina zai san na gida ne? Ta ɗauko wata waya ta jera masa saƙon gaskiya da na ƙarya gefe da gefe, ta ce ya ga wannan a cikin manhaja yake, yana kai mutum rumbun da ake sauko da manhajoji, wancan kuwa kamar wasiƙa ya zo. Tamba ya dubi na dama, ya dubi na hagu, ya sake duban na dama.

"Ɗiyata, Allah shi ne shaida, ni dai abu guda nika gani."

Ta bar zancen. Ta haɗa wayarsa da intanet ɗin shagon, ta danna koren wurin da yatsanta ba ko bismilla, shi yana runtse ido. Wani layi ya yi ta cika a hankali. Da ya gama, kan shinkafar yana nan yadda yake, sai dai da aka buɗe kome ya canza wuri, kuma wata 'yar alama koriya ta fito kusa da sunansa. Ta ce wannan alamar ita ce shaida. Yanzu zai iya tura wannan ɗin waya zuwa waya, amma dole kowa ya buɗe data ko na minti ɗaya ne har alamar ta fito. Kuma gobe da asuba ake loda mota bisa yawan sunayen da suka hau.

"Mutum sittin da ukku," in ji Tamba, kamar da kansa yake. "Ƙaƙa zan tara su kahin dare?"

"Ba lasihika gare ka ba?"

"In ce musu mi?"

Basirat ta ɗan yi tunani. Tausayinsa ta ji, ba wani abu ba. "Ka ce masu manhaja sun sake hiddo wata yau. Wa zai musa? Kullum cikin hiddowa suke. Ba wanda zai san kai na."

Duk hanyar komawa Argungu da wannan magana ya yi ta. Kuma ba zan ɓoye ba, ta yi masa daɗi. Ƙarya ce da ba ta cutar da kowa, mutane za su zo, za a gyara, sunansa zai kwana lafiya. Har ya shirya kalmomin a ransa, ya ji yadda za su zauna a lasifika. Sai kuma wani ɓangaren zuciyarsa ya ce, to ai akwai waɗanda suka san gaskiyar. Kalilu ya sani, Basirat ta sani, shi ya sani. Ya ce wa kansa Kalilu zai yi shiru. Ya ce a'a, Kalilu bai taɓa yin shiru ba tun da aka haife shi. Har motar ta shiga tasha bai yanke ba.

Ya yi la'asar, ya ɗaure lasifika. Laure ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ya ci wani abu, ya ce sai ya dawo. A mararrabar farko ya tsaya, ya kunna, ya hura sau biyu kamar kullum. Mata suka leƙo, masu shaguna suka rage rediyo. Ya buɗe baki da niyyar cewa an sake fitar da wata. Ya dubi fuskokin nan da suka juyo gare shi, ba alamar shakka a ko ɗaya, sai maganar ta ƙi fita.

"Jama'a, salamu alaikum. Tamba na. Tamba ya yi kuskure. Zangarniyad da na sa muku Litinin da Talata ba sabuwa ba ta, tsohuwa ta. Ba laihin ƙungiya ba na, ba laihin kowa ba na, ni na yi abin da ban sani ba. Duk wanda wayatai ta bi ta hannuna shi dawo gindin dogon yaro yanzu-yanzu, in ba haka ba gobe ba shi da iri."

Ya faɗe ta a Gwazange, ya faɗe ta a Kokani, ya faɗe ta a bakin kasuwa inda aka fi saninsa. Kowane karo sai ya ji kamar ana tuɓe masa riga a tsakiyar titi. Ya tuna akwai mutum tara da ke kwana a tungar ƙetaren gulbi suna gyaran gona, ya gangara har bakin ruwa, ya juya lasifikar can, ya ƙure ta. Ya hango su sun miƙe tsaye, hannu a goshi, suna saurare. Ya maimaita sau uku sannan ya juyo.

A gindin dogon yaro an cika. Wasu suna dariya, wasu suna faɗa, wasu suka miƙo waya ba tare da sun dube shi ba, kuma waɗannan suka fi yi masa ciwo. Kalilu ya zauna kusa da shi ya buɗe datarsa kowa yana ja da tasa wayar, bai ce masa ko kalma ɗaya ta tsiya ba. Tamba yana turawa, yana jiran koriyar alama, yana nuna wa mai waya da yatsa. Wani ya tambaye shi ko in an danna irin wannan saƙon nan gaba ba kome. Tamba ya ce bai sani ba. Kafin a kira isha'i mutum hamsin da huɗu sun samu alamarsu. Na ƙetare ba su zo ba, kuma can ba sabis balle a kira su.

Ran Alhamis da hantsi motar ta iso, Zulkifli a gaba da takarda. Aka yi ta kiran suna ana sauke buhu. Mutanen tunga suka ƙetaro da kwalekwale, su tara, da wayoyinsu a hannu, suka tsaya a layi kamar kowa. Aka kira har ƙarshe ba su ji sunansu ba. Zulkifli ya duba, ya sake dubawa, ya ce buhunan a ƙirge suka zo, ba ko ɗaya da ya yi saura, kuma ba wata mota a baya. Sunan Tamba kuwa yana can sama-sama, don tasa aka fara sabuntawa.

Ya ɗauki buhunsa a kafaɗa, ya zo ya sauke a gabansu, ya ce su raba. Shi da su duk sun san ba zai kai ko'ina ba. Ba wanda ya taɓa shi. Babbansu, Sama'ila, dattijo ne mai sanyin magana, wanda shekara da shekaru in Tamba ya ce za a sako ruwa shi ke fara janye injinsa. Tamba ya kasa haƙuri ya tambaye shi ko iska ce ta ɗauke muryar jiya.

"A'a, mun ji ka sarai," in ji Sama'ila, ba da faɗa ba. "Har kwalekwale munka kwance. Sai munka zauna munka yi shawara, munka ce mu dakata tukuna, mu ga ko da sahe za ka sake wata shela daban."

Tamba ya tsaya. Bai san ko da ya yi ƙaryar nan za su ƙetaro ba, bai san ko gaskiyar ce ta hana su ba, kuma ba wanda zai tambaya. Abin da ya sani kawai shi ne mutum tara sun ji muryarsa sarai, sun zauna sun yi shawara a kanta. Sama'ila ya yi masa sallama da ladabi, suka juya suka nufi bakin gulbi, buhun yana nan a ƙasa inda ya ajiye shi.